Kyamarar da ke saman turke: tana hana ɓarawo ne ko kallonsa kawai take yi?

Direban Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da yake ci mini rai tun watan jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu wanda zai warware mini.

Wajen ƙarfe tara na dare na tsaya a danja a tsakiyar gari, gilashi a sauke, wayata tana maƙale a gabana ina bin taswira zuwa inda zan ɗauki fasinja. Sai kawai na ga hannu ya shigo ta taga. Kafin ƙiftawa da bismillah yara biyu a kan babur sun kutsa tsakanin motoci sun ɓace. Da na ɗaga kai, ga kyamarar 'yan sanda nan a saman turken fitila, daidai inda nake, har da allo a ƙasanta an rubuta cewa ana sa ido a wurin dare da rana. Wallahi ganinta ya sanyaya mini zuciya. Na ce ai shi ke nan, ba a fi taku goma ba tsakaninsu da ita.

Washegari na je na kai ƙara, na rubuta bayani. Aka ce mai kula da hotunan ba ya nan. Na koma bayan kwana huɗu, aka ce sai an rubuta takarda zuwa wani ofis. Na koma karo na uku, aka ce wannan kyamarar ɗaya hannun titin take kallo. A zuwa na huɗu wani ya gaya mini gaskiya, ya ce ko ma ta ɗauka, hoton wannan daren ya riga ya goge.

Yanzu kuma na ji ana shirin ƙara wasu kyamarorin a tsakiyar garin, har za a kira taron jin ra'ayin jama'a. Ni ba gaba nake da abin ba. Tambayata ita ce, don Allah masu sani: wannan na'ura ta taɓa hana laifi kuwa?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar maka da alheri, Malam. Amma ni dai in za a ƙara, a ƙara. Ina tashi daga aiki bayan isha'i, kuma akwai hanya biyu zuwa inda nake hawa mota. Gajerar ba kyamara, doguwar akwai. Kullum doguwar nake bi. Ku maza ba za ku gane yadda mace take tafiya da dare tana ƙirga takun wanda ke bayanta ba.

Tsohon Sufeto:
Ƙanena Direba, na yi shekaru ina binciken laifuka kafin in ajiye aiki, kuma abin da aka yi maka bai yi mini daɗi ba. Hoto irin wannan a ranar farko ake nemansa, ba a mako na uku ba. Wannan sakaci ne na mutane, kada a ɗora wa na'ura.

Amma bari in gaya maka abin da mai bincike yake fama da shi idan babu hoto. Shaidu uku za su zo. Ɗaya ya ce jar riga, ɗaya ya ce baƙa, na ukun ya ce shi bai ga komai ba saboda ba ya son zaryar kotu. Mutumin da aka tsorata ba ya riƙe fuska, wuƙar kawai yake tunawa. Kyamara kuwa ba ta tsoro, ba ta da dangi a cikin waɗanda ake zargi, kuma ba ta canza magana a gaban alƙali.

Ku duba manyan shari'o'in da duniya ta sani. Harin Landan na 7 ga Yulin 2005, wanda ya kashe mutum 52, hoton kyamarar tashar jirgin ƙasa ta Luton ne ya nuna maharan su huɗu tare da jakunkunansu. Harin gasar tseren Boston ta Amurka a Afrilun 2013, cikin kwana uku hukumar bincike ta FBI ta fitar da hotunan wa da ƙanin da ake zargi da kai harin. Gani ya kori ji.

Direban Dare:
Na gode Baba Sufeto. Amma duk waɗanda ka lissafa, bayan an mutu aka duba hoton. Ni hanawa nake tambaya.

Ɗalibar Bincike:
Wannan bambancin da Malam Direba ya yi shi ne zuciyar maganar, kuma an daɗe ana cakuɗa su. Hana laifi daban, gano mai laifi daban. Fannin da nake karatu ke nan, bari in kawo abin da aka auna.

A 2019 masana huɗu, Piza da Welsh da Farrington da Thomas, sun tattara nazarce-nazarce 80 da aka yi cikin shekara 40 a ƙasashe daban-daban. Da aka haɗa su duka, an samu raguwar laifi da kusan kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka saka kyamara, idan aka kwatanta da makamantansu da ba a saka ba. To amma sai ka buɗe ƙunshin. Mafi girman raguwar a wuraren ajiye motoci aka same ta, kashi 37 cikin 100. A tsakiyar gari, wato ainihin inda muke magana a kai, raguwar ƙarama ce ƙwarai, har ba za a iya rantsuwa cewa kyamarar ce ta jawo ta ba. Laifukan da suka ragu su ne na dukiya da na mota da na ƙwaya. Duka da sara da faɗa kuwa, ba a ga wani tasiri na a zo a gani ba.

Kuma dalilin a fili yake in ka yi tunani. Wurin ajiye motoci yana da ƙofar shiga da ta fita, ana iya rufe kowane lungunsa da kyamara, galibi akwai mai gadi da fitila. Ɓarawon mota kuma da lissafi yake zuwa, yana dubawa kafin ya taɓa. Shi kuwa wanda ya yi tatil ya fito yana neman rigima, ko wanda zuciya ta ɗebe shi, ba ya ɗaga kai ya duba turke. Mai ƙwacen waya a kan babur ya san daƙiƙa uku yake buƙata da hular kwano.

Tun 2005 ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya ta sa Martin Gill da Angela Spriggs suka auna shirye-shirye 13 na kyamarori. Guda ɗaya tak aka iya danganta raguwar laifinsa da kyamara, shi ma na wuraren ajiye motoci ne. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowa rungumar abin a lokacin, wadda a shekarun 1990 ta zuba kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin rigakafin laifi na wannan ma'aikata a kan kyamarori.

Tsohon Sufeto:
'Yata, ban musa alƙalumanki ba. Amma laifin da aka fasa yi, wa ya rubuta shi a littafi?

Ɗalibar Bincike:
Shi ya sa ake kwatantawa da wata unguwa mai kama da ita wadda ba a saka ba, Baba. In an fasa da yawa, za a ga tazara tsakanin biyun. Kuma don adalci, ta ɓangarenka akwai hujja mai ƙarfi. Matthew Ashby ya duba laifuka fiye da 250,000 da aka yi a layukan jirgin ƙasa na Birtaniya daga 2011 zuwa 2015. An samu hoto a kashi 45 cikin 100 na shari'o'in, kuma ya yi wa masu bincike amfani a kashi 29 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tashar jirgi ita ma rufaffen wuri ce. A kan titunan Landan, wani rahoton cikin gida na 'yan sandan birnin da ya fito a 2009 ya nuna cewa a shekara guda, laifi ɗaya aka warware a kan kowace kyamara 1,000.

Ɗan Ƙwallo:
Kai! Ɗaya a dubu? To ai gara a ɗauki masu gadi.

Injiniya:
Ni aikina ke nan, haɗa su da gyara su, don haka bari in faɗi abin da ba a faɗa a ranar yanke ƙyalle.

Saye ba shi ne wahala ba. Wahalar tana farawa wata shida bayan an ƙaddamar. Ƙura da ruwan sama suna dusar da gilashin. Gizo-gizo yana son ɗumin fitilar da kyamara ke gani da ita cikin duhu, sai ya yi saƙa daidai bakin ruwan tabarau, da dare ba abin da za ka gani sai farin zare yana rawa. Bishiyar da aka dasa tana ƙarama ta girma ta rufe rabin titi. Masu haƙa rami su datse waya. Faifan ajiya ya mutu shiru, allo yana nuna hoto kamar komai lafiya alhali ba abin da ake naɗa. Na taɓa hawa tsani na buɗe wata da aka ce ta yi shekara tana gadin wata mahaɗa, na tarar tsuntsu ya yi sheƙa a cikin murfinta, wayar wuta kuma a cire. Ba wanda ya lura, domin ba wanda yake kallo.

Sannan akwai abin da mutane ba su sani ba game da irin wadda ta ga Malam Direba, ko ta kasa ganinsa. Yawancin na kan mahaɗa masu juyawa ne. Suna iya leƙa ko'ina, amma gefe ɗaya suke kallo a lokaci guda. In ba mai juya ta, inda aka bar ta jiya nan za ta kwana. Saboda haka maganar da aka gaya maka cewa ɗaya hannun take kallo, zai iya zama gaskiya ce tsantsa.

Gogewar hoto ma haka tsarin yake. Faifai yana cika, sabo ya hau kan tsoho. Wasu wuraren ana riƙewa kamar wata guda, wasu mako biyu, wasu ƙasa da haka, gwargwadon girman faifan da aka saya. In ba a cire naka an ajiye daban ba kafin zagayen ya iso, ya tafi har abada.

Ƙari a kan haka, ganin mutum daban, gane shi daban. Kyamarar da aka ɗora sama sosai don ta ga fili mai faɗi, ƙoƙon kai take ɗauka. Za ka ga an yi ƙwace, ka ga babur, amma fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba a allo. In ka ƙara girmanta sai ta tarwatse. Abin da ake nunawa a finafinai, a danna maɓalli fuska ta fito tangararan, babu shi.

Uwar Biyu:
Injiniya ka karya mini gwiwa. Kana nufin doguwar hanyar da nake bi, wataƙila makauniyar kyamara nake bi?

Injiniya:
Hajiya, ban ce ki canza hanya ba. Galibi inda aka saka kyamara nan ne inda fitila da jama'a da shaguna suke, kuma su ne suke tsare ki tun farko. Ki ci gaba da bin ta.

Ɗalibar Bincike:
Maganar fitila da Injiniya ya taɓo tana da nauyi. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, aka yi ƙuri'a, wasu rukunan aka kafa musu manyan fitilu masu haske, wasu aka bar su yadda suke. Manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. Fitila ba ta buƙatar ɗakin sa ido, ba ta ajiye hoton kowa, kuma in ta mutu kowa zai gani a daren. Kyamarar ma ta fi gani da kyau a inda ake da haske.

Amma kada a ce na ce kyamara ba ta aiki sam. Wancan babban nazarin ya nuna cewa inda ake da mutum zaune yana kallo kai tsaye, laifi yana raguwa. Inda aka bar ta tana naɗa ita kaɗai, ba a ga raguwa ba. A birnin Newark na Amurka an gwada ƙara mai kallo guda, aka rage masa yawan kyamarorin da zai lura da su, aka ba shi motocin sintiri da zai tura nan take. A nan har laifukan tashin hankali sun ragu. Wato ido ne da aka haɗa shi da hannu.

Tsohon Sufeto:
To mun haɗu a nan. Abin da nake faɗa tun ina aiki ke nan. Ɓarawo ba wawa ba ne, gwaji yake yi. Makon farko da aka kafa, zai yi nesa. Sai ya aiko ƙaramin yaro ya yi ɗan abu a ƙarƙashinta ya ga ko za a zo. In ba a zo ba, ya sake. Kafin wata uku duk 'yan hannu sun san wacce ke da rai, wacce gawa ce. Sun fi hukumar da ta saka ta sani.

Ɗan Ƙwallo:
Ni fa ban ga abin dogon turanci ba. Ko kaɗan take hanawa, ai ta fi babu. Kuma masu cewa ana leƙa sirrinsu, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. In ba ka da laifi, me zai dame ka don an ɗauke ka kana tafiya a titi?

Barista:
Ƙanena, wannan karin maganar nake jira, domin duk inda aka yi wannan muhawara sai ta fito. Bari in ba ka labarin wani mutum wanda ba kaza a aljihunsa.

A watan Agustan 1995, a garin Brentwood na Ingila, wani mutum mai suna Geoffrey Peck yana cikin matsanancin ciwon damuwa. Da dare ya fito babban titin garin da wuƙar kicin, ya yi yunƙurin hallaka kansa. Mai kallon kyamara ya hango shi da wuƙa ya kira 'yan sanda, suka zo suka karɓe ta, aka duba lafiyarsa, aka sallame shi ba tare da tuhuma ba. Zuwa nan kyamara ta yi aikin alheri, ba mai musu. Amma daga baya hukumar garin ta ba wa jaridu da gidajen talabijin hotunan, don tallata nasarar kyamarorinta. Miliyoyin mutane suka gani, 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki suka gane shi. Daren da ya fi kowane dare muni a rayuwarsa ya zama abin kallo. Sai a 2003 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an keta haƙƙinsa.

Ba laifi kaɗai mutum yake ɓoyewa ba. Wace ƙofar asibiti ka shiga, ofishin wane lauya ka je, da wa aka gan ki zaune, wane taro ka halarta, duk halal ne, kuma duk ba na kowa ba ne. Mai wucewa a titi ya gan ka ya manta. Faifai ba ya mantuwa, kuma ana kwafarsa.

Sannan a bayan allon nan mutum ne zaune, da duk halin ɗan Adam. Clive Norris da Gary Armstrong sun zauna kusan awa 600 a ɗakunan sa ido uku a Birtaniya suna lura da masu lura. Suka tarar an fi bin samari da kyamara, musamman baƙaƙen fata, sau da yawa ba don wani abin da suka yi ba sai don kamanninsu da tufafinsu. Cikin matan da aka bi da kyamara kuwa, kusan ɗaya cikin goma don kallon sha'awa aka bi ta. Hajiya Uwar Biyu, wannan ma ya shafe ki.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Amma Barista, gaskiya in aka ce in zaɓa tsakanin mai kallona a allo da mai bina a lungu, na san wanda zan zaɓa.

Barista:
Kuma ba wanda zai ga laifinki. Abin da nake cewa shi ne bai kamata a tilasta miki wannan zaɓin ba. Ana iya tsara na'urar ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya juya ta, da lokacin, da inda ya leƙa, wani daga waje ya riƙa dubawa. Ana iya toshe tagogin gidajen mutane a cikin hoton. Injiniya zai gaya miki ba abu ne mai wuya ba.

Injiniya:
Minti goma ne a manhajar. Sai dai ba a cika nema ba.

Malamin Lissafi:
Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kyamarar jiya ba ce, ta gobe ce. Turken da aka kafa yau, gobe manhajar gane fuska za a ɗora masa, ba tare da an sake kiran wani taro ba.

Ku yi lissafin da ni. A ce manhajar tana kuskure sau ɗaya a cikin dubu, wanda za a ce ta ƙware. In mutum 100,000 suka wuce ta tsakiyar gari a yini, mutum 100 ke nan za ta nuna a kan kuskure. Waɗanda ake nema da gaske a cikin taron wataƙila ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kuma kuskuren ba daidai yake rabuwa ba. A Disambar 2019 hukumar auna ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189, ta tarar da yawansu sun fi yin kuskuren haɗa fuskar baƙar fata ko ta ɗan Asiya da ta wani, ninki 10 har zuwa 100, a kan ta farar fata.

A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, kan satar agoguna a wani kanti. Hujjar ita ce manhaja ta haɗa dusasshen hoton kyamarar kantin da hoton lasisin tuƙinsa. Ya yi kusan awa 30 a tsare. Kuma ba shi ba ne.

Tsohon Sufeto:
Wannan aikin ragwanci ne. Abin da na'ura ta nuna maka farkon zare ne, ba ƙarshensa ba. Sai ka je ka bincika ina mutumin yake a ranar. Duk wanda ya kama mutum a kan hoto kaɗai bai san aikinsa ba.

Barista:
Haka ne Yallaɓai, amma doka don ranar da aka samu rago ko azzalumi ake yin ta, ba don ranar da aka samu irinka ba. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara a Birtaniya ta ce yadda 'yan sandan Kudancin Wales suke amfani da wannan fasaha ya saɓa doka, domin an bar wa jami'i shi kaɗai ya zaɓi wanda za a saka a jerin nema da inda za a kafa na'urar. A Mosko kuma, wani mutum ya yi zanga-zangar lumana shi kaɗai a jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2019, aka bi sawunsa da kyamarori aka kama shi bayan 'yan kwanaki. Kotun Turai ta ce an keta haƙƙinsa a 2023. Kyamarar da aka saya da sunan ɓarawo, ba ta san bambancin ɓarawo da mai ɗaga kwali ba. Wanda ke riƙe da ita ne ya sani.

Direban Dare:
To ni yanzu kaina ya ɗaure. Da na fara, haushina shi ne ba ta gani. Yanzu kuma kun sa ina tsoron ranar da za ta gani da kyau.

Tsohon Sufeto:
Bari in faɗi wani abu da ba shi da daɗi a bakin wanda ya sa kaki. A Janairun 2023 a birnin Memphis na Amurka, 'yan sanda suka tare wani matashi, Tyre Nichols, ɗan shekara 29, suka yi masa dukan da ya mutu bayan kwana uku. Kyamarorin da ke jikin rigunansu ba su nuna abin sosai ba, ana ta kokawa da guje-guje. Wadda ta nuna komai daga sama, tun daga naushi har harbi da ƙafa har yadda aka jingine shi a jikin mota aka bar shi, kyamarar 'yan sanda ce ta kan turke, irin wadda muke magana a kai. Jami'ai biyar aka kora aka gurfanar. Na kalli wannan hoton, kuma na kasa cin abinci a ranar. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba don wannan turken ba, rahoton da suka rubuta da hannunsu ne zai zama tarihi.

Saboda haka in kun tambaye ni, ina son kyamara, har saboda mu kanmu.

Barista:
Allah Ya saka da alheri, Baba, ba kowa ne zai faɗi haka ba. Amma ka haɗa da na Chicago. A Oktoban 2014 ɗan sanda ya harbi Laquan McDonald, ɗan shekara 17, harsashi 16. Kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka. Hoton ya zauna a hannun hukuma fiye da shekara guda, sai da alƙali ya ba da umarni aka sake shi a Nuwambar 2015, kuma ya ƙaryata abin da jami'an suka rubuta. A biranen biyu duk kyamarar 'yan sanda ce ta ɗauka. A ɗaya an fitar cikin mako uku, a ɗaya sai da aka yi shari'a. In wanda ake ƙara shi ne mai riƙe da makullin faifai, an ba kura ajiyar nama. Shi ya sa a wasu wuraren hukumar gari ce ke riƙe da ɗakin sa ido, 'yan sanda su nema a rubuce.

Ɗan Ƙwallo:
Na janye maganar kaza. Amma har yanzu ina ganin in aka saka a tsakiyar gari, ɓarayin za su koma unguwanni ne kawai.

Ɗalibar Bincike:
An auna wannan ma. Yana faruwa a wasu wuraren, amma a mafi yawan nazarce-nazarcen ba a ga laifin ya yi ƙaura ba, a wasu ma titunan da ke kusa sun ɗan amfana. Mai yankan aljihu cunkoso yake bi, ba zai samu abin da yake nema a layin da ba kowa ba.

Malam Direba, in za ka je taron nan, ni da zan samu dama abu ɗaya zan fara tambaya: cikin waɗanda ake da su yanzu, guda nawa ne suke aiki a daren jiya? In ba wanda ya iya amsawa a take, ka san inda matsalar take.

Injiniya:
Ka ƙara da kuɗin gyara na shekara biyar, yana cikin kasafin ko babu. Da kuma mutum nawa ke zaune a ɗakin da ƙarfe biyun dare, allo nawa ne a gaban kowannensu. Na sha ganin mutum ɗaya a gaban allo arba'in. Ba idon da zai iya wannan, bayan ɗan lokaci kallo kawai yake ba ya gani.

Barista:
Da kwana nawa ake riƙe hoto, wa ke da ikon kwafa, da kuma ko wanda abin ya shafa zai iya neman a killace nasa tun ranar farko. Kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a ɗora manhajar gane fuska ba sai an dawo gaban jama'a.

Uwar Biyu:
Ni kuma ka tambaya mini fitilun gajeriyar hanya. Uku daga ciki sun mutu tun bara.

Direban Dare:
Duk na rubuta, kuma zan je in sha Allahu. Daren jiya na sake bi ta mahaɗar, na samu wuri na faka na tako har gindin turken. Injiniya, gaskiyarka. Ta juya wa titin baya, bangon wani bene take kallo, kuma akwai saƙar gizo-gizo tun daga murfinta har jikin allon. Na ɗauki hotonta da sabuwar wayar, da kwanan wata a jiki. Zan sake ɗauka ranar Litinin, in ga ko wani ya juya ta.